Ƙofar da ba a rufe ba: korona, tashoshin jiragen ruwan Legas da arzikin ƙasa

A daren 29 ga Maris 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa 'yan ƙasa jawabin da ya sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja. Abin da mutane suka riƙe daga jawabin shi ne zaman gida na mako biyu. Amma a cikinsa akwai wata magana da ba ta ja hankalin kowa ba a wannan dare: tashoshin jiragen ruwa na Legas za su ci gaba da aiki. An rufe makarantu, an hana jam'i a masallatai da coci-coci, an dakatar da jiragen sama na fasinja, aka bar Apapa da Tin Can a buɗe.

Hukuncin ya yi daidai. Ƙasar da ke shigo da alkamar burodinta, da galibin magungunanta, da man fetur ɗin motocinta a wancan lokaci ta ruwa, ba ta da halin rufe wannan ƙofa ko da na kwana uku. Sai dai wanda ya jira kwantenarsa a Kantin Kwari ko a Sharaɗa cikin 2020 da 2021 ya san cewa barin ƙofa a buɗe daban, wucewar kaya ta cikinta daban.

Ra'ayina shi ne wannan. Annoba ba ta buƙatar rufe tashar jiragen ruwa kafin ta gurgunta ta. Tana bin raunin da ta tarar, kuma a Najeriya ta tarar da rauni mai yawa wanda mu muka gina shi da hannunmu. Asarar da aka yi ba ta tsaya a bakin teku ba. Ta biyo hanya har Dawanau da Maraɗi, kuma wani ɓangarenta har yau muna biya a farashin kaya.

Tasha da annoba tsofaffin abokan tafiya ne

Tun kafin jirgin sama, ta bakin ruwa cuta ke shiga ƙasashe. Annobar da ta hallaka wani babban kaso na mutanen Turai ta sauka a tashar Messina ta tsibirin Sisili a 1347. Shekara talatin bayan haka, a 1377, birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya, ya kafa dokar tsare matafiyan da suka fito daga wuraren annoba na kwana talatin kafin su shiga gari. Daga baya aka mayar da wa'adin kwana arba'in, kuma daga kalmar arba'in ta Italiyanci Turawa suka samo sunan da suke kiran killacewa har gobe.

Mu ma muna da namu tarihin. Murar da ta game duniya a 1918 ta shigo Legas ne ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, sannan ta bi layin dogo da koguna da hanyoyin fatake zuwa cikin ƙasa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Najeriya. Layin dogon da aka shimfiɗa har Kano don kwashe auduga da gyaɗa zuwa teku, shi ne ya sauƙaƙa wa cutar hawa Arewa.

Saboda haka fargabar da hukumomi suka yi a 2020 tana da tushe. Amma akwai bambanci tsakanin jirgin 1918 da na 2020. Na farko yana ɗauke da fasinjoji da sojoji da ma'aikata masu yawa. Jirgin kwantena na zamani kuwa yana iya ɗaukar dubban kwantenoni da ma'aikata ashirin da 'yan kai. Korona ta shigo Najeriya ta filin jirgin sama: mutum na farko da aka tabbatar yana da ita, ranar 27 ga Fabrairu 2020, ɗan Italiya ne da ya sauka a Legas. A wannan karon tashar ruwa ba ita ce babbar ƙofar cutar ba. Ita ce dai ƙofar abinci da magani da kayan masana'antu, kuma a nan illar ta bayyana.

Hanya ta farko: fetur da dala

Idan aka ce tashar jiragen ruwa, hankali yakan tafi ga kwantenoni. Amma mafi girman abin da Najeriya ke fitarwa ta ruwa ɗanyen mai ne, daga Bonny da Forcados da Escravos da Qua Iboe. Man ba ya kai kashi 10 cikin ɗari na jimillar abin da ƙasar ke samarwa, amma shi ke kawo kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da ake samu daga fitar da kaya waje.

Da duniya ta shiga kulle, motoci suka tsaya, jiragen sama suka sauka, sai buƙatar mai ta faɗi warwas. A watan Afrilu 2020 gangar ɗanyen mai samfurin Brent ta sauka ƙasa da dala 20. A Amurka, ranar 20 ga watan, farashin ya faɗi ƙasa da sifili, wato mai kaya ne ke biya a karɓe masa kayansa don ba shi da wurin ajiya. Ƙungiyar OPEC da ƙawayenta suka amince su rage ganga miliyan 9.7 a kowace rana, Najeriya ma ta ɗauki nata kason. Kasafin kuɗin 2020 da aka gina a kan dala 57 kowace ganga, dole aka sake shi a kan dala 28. Gwamnati ta karɓi rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Ga inda abin ya haɗu da Apapa. Dalar da tankar mai ke kawowa daga Bonny, ita ce ake sayen alkamar da ke sauka a Legas da ita. Idan hannun da ke karɓa ya bushe, hannun da ke biya ma ya bushe. Babban Bankin Najeriya ya karya darajar naira a hukumance daga wajen 306 zuwa 360 a kan dala ɗaya a watan Maris 2020, sannan zuwa wajen 380 a cikin shekarar. Masu masana'antu suka riƙa jiran dala wata da watanni, da yawansu suka koma kasuwar bayan fage. Kafin kwantena ta bar Guangzhou ma tsadarta ta riga ta ƙaru.

Hanya ta biyu: mutum da takarda

Tashar jiragen ruwa ba gaɓar teku da ƙugiyar ɗaga kaya ba ce kawai. Sarƙa ce. Kafin kwantena ta fita daga Apapa, sai ejan ya karɓi takardun kamfanin jirgi, ya biya kuɗin fito a banki, jami'an kwastan da na wasu hukumomi sun duba kayan, an biya kamfanin da ke gudanar da tashar, an samo tirela, tirelar ta samu shiga, ta kuma samu fita. A 2020 yawancin waɗannan matakai suna buƙatar mutum ya je da ƙafarsa, takarda a hannu. Na'urorin haska kwantena sun daɗe da lalacewa, don haka kusan kowace kwantena sai an buɗe ta an duba da ido.

Dokar kulle ta bar tasha a buɗe, amma ta hana motocin haya zirga-zirga, ta rage ma'aikatan ofisoshi, ta taƙaita aikin bankuna. Ejan da ke zaune a wata unguwa mai nisa ba shi da abin hawa. In ya isa, reshen bankin da zai biya kuɗi a rufe yake ko layi ya yi tsawo. Jirgi yana sauke kaya, kayan ba sa fita, fili yana cika, jirgin da ke biye da shi yana jira a teku. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta umarci kamfanonin tasha su dakatar da cajin kuɗin ajiya na kwana 21 daga 23 ga Maris. Sauƙi ne ga 'yan kasuwa, amma shaida ce kuma cewa hukuma ta san kayan ba sa motsi.

Sai kuma dokar kwana 14. An ba da umarni cewa jirgin dakon kaya ba zai tsaya a tasha ba sai ya shafe fiye da mako biyu a teku, kuma jami'an lafiya sun tabbatar ma'aikatansa lafiya lau suke. A takarda abin yana da ma'ana. Amma jiragen kwantena da ke zuwa Afirka ta Yamma ba kai-tsaye suke zuwa Legas ba. Sukan tsaya a Abijan ko Tema ko Lome, kuma daga Lome zuwa Legas tafiyar kwana ɗaya ce ko ƙasa da haka. Dokar da aka yi don jirgin da ya taso daga Sin sai ta faɗa kan jirgin da ya taso daga maƙwabta.

Bayan kwantena ta fita, da sauran tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Kano. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka keɓe motocin abinci da kayan masarufi. Amma a kan hanya, wanda ke tsaye a shinge shi ke fassara dokar, kuma kowane direba ya san yadda ake karanta irin wannan fassara. Kano kanta ta shiga kulle a watan Afrilu. Ga kuma iyakokin ƙasa na tudu da aka rufe tun Agusta 2019, waɗanda ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020, lokacin da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Wato a daidai lokacin da Legas ta cushe, hanyar Kwatano da ta Maraɗi, waɗanda ɗan kasuwar Arewa ya saba ratsewa ta cikinsu, su ma a toshe suke.

Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cunkoson tireloli a hanyar Apapa ya girmi korona da shekaru. Duba kaya da hannu ya girme ta. Tara kusan dukkan kwantenonin ƙasa a birni guda, alhali ga Onne da Fatakwal da Warri da Kalaba, shi ma ya girme ta. Annoba ta zo ta tarar da tsagar ce.

Hanya ta uku: kwantena ta zama zinare

Masifa ta uku ta zo a makare, kuma ita ta fi daɗewa. A farkon 2020 kamfanonin jiragen ruwa sun soke tafiye-tafiye da yawa saboda sun zaci ciniki zai mutu. Cinikin da ake yi ta teku ya ragu da kashi 3.8 cikin ɗari a shekarar, a lissafin hukumar cinikayya da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNCTAD. Amma kafin ƙarshen shekarar, mutanen Amurka da Turai da ke zaune a gida, da tallafin gwamnatocinsu a aljihu, suka koma sayen kaya maimakon zuwa yawon buɗe ido da gidajen cin abinci. Buƙata ta tashi, kwantenoni kuwa suna warwatse a inda ba a buƙatarsu.

Daga nan matsaloli suka riƙa bin juna. A Maris 2021 jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suwez na kwana shida. A Mayu da Yuni ɓarkewar cutar ta gurgunta tashar Yantian ta kudancin Sin. A Agusta aka rufe wani sashe na tashar Ningbo saboda ma'aikaci ɗaya ya kamu. A Janairu 2022 jirage fiye da 100 ne ke layin shiga Los Angeles da Long Beach. Matsakaicin kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyin duniya, wanda kafin annoba yake wajen dala 1,500, ya haura dala 10,000 a Satumba 2021.

Wannan adadi na manyan hanyoyi ne, ba na hanyar Legas ba. Amma dalilin da ya sa ya shafe mu a fili yake. Kamfanin jirgi yana da zaɓi: ya tura kwantenarsa Amurka inda kuɗin ya ninka, ko ya tura ta Legas inda za ta yi makonni kafin ta fita daga tasha, ta yi wasu makonnin kafin ta dawo ba kaya. A lokacin yalwa, jinkirinmu tsada ce kawai. A lokacin ƙaranci, jinkirinmu ya zama dalilin da za a sa mu a ƙarshen layi, ko a ɗora mana ƙarin caji na cunkoso. Wanda ke riƙe kwanon aro ya daɗe, shi ake fara hanawa ranar biki.

Kada a manta da mutanen da ke cikin jiragen. A Satumba 2020 an ƙiyasta cewa ma'aikatan jirgin ruwa wajen 400,000 sun maƙale a teku bayan wa'adin aikinsu ya ƙare, saboda ƙasashe sun hana su sauka. Sai a Disamba 2020 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira da a ɗauke su a matsayin ma'aikata masu muhimmanci. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya, in an auna da nauyi, a hannun waɗannan mutane yake tafiya.

Yadda abin ya isa ma'aunin arziki

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna tattalin arzikin Najeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari a rubu'i na biyu na 2020, da kashi 3.6 a rubu'i na uku. Wannan ce karayar tattalin arziki ta biyu cikin shekara biyar. A rubu'i na huɗu aka samu ƙarin kashi 0.11, a shekarar gaba ɗaya kuma raguwar ta kusa kashi 2. A 2021 aka samu bunƙasar kashi 3.4. Mai kallon waɗannan lambobi zai ce an faɗi an tashi. Amma yawan jama'a yana ƙaruwa da wajen kashi 2.5 a shekara, don haka rabon kowane mutum ya ragu da fiye da kashi 4 a 2020, kuma bunƙasar 2021 ba ta mayar da shi inda yake ba.

Inda ciwon ya zauna shi ne farashi. A Maris 2021 hauhawar farashi ta kai kashi 18.17 cikin ɗari, ta abinci kuwa ta kusa kashi 23. Ba na cewa tasha kaɗai ce ta jawo wannan. Rashin tsaro a yankunan noma, da rufe iyaka, da faɗuwar naira duk suna da hannu. Amma tasha tana shiga farashi ta ƙofofi da dama waɗanda ba a cika lura da su ba.

A ɗauki mai masana'antar robobi a Sharaɗa ko Challawa. Kayan da yake sarrafawa da kayan gyaran injinsa daga waje suke zuwa. Idan kwantenar da ya saba samu cikin wata biyu ta koma wata huɗu, abu uku ne ke faruwa. Jarinsa ya kwanta a teku yana cin ruwan banki. Injinsa ya tsaya, ya sallami leburori na wucin gadi. Sannan ya koyi darasi: gaba sai ya sayi kaya ninki biyu ya ajiye, wato kuɗin da zai sayi sabon inji da su sun koma sito. Wannan na ukun shi ne ke cin bunƙasar gobe, kuma ba ya fitowa a rahoton kowane rubu'i.

A ɗauki mai fitar da riɗi ko zoɓo daga Dawanau, ko citta daga Kachia, ko fata daga majemun Kano zuwa Italiya da Sifen. Shi matsalarsa ta juye ce: yana neman kwantena mara kaya, da gurbi a jirgi, da hanyar shiga tasha. Kayan gona ba sa jira. Danshi yana kama su a kan layi, inganci yana raguwa, wa'adin kwangila yana wucewa, mai saye a waje yana neman wani a Sudan ko Habasha. Idan mai fitarwa ya yi asara, farashin da zai ba manomi a kaka mai zuwa ne ke sauka. Manomin riɗi a Jigawa bai taɓa ganin teku ba, amma layin tireloli na Apapa yana cikin lissafin buhunsa.

A ɗauki magani. A farkon Maris 2020 Indiya ta taƙaita fitar da wasu sinadarai da magunguna 26, har da farasitamol. Ƙasar da ke dogara da Indiya da Sin a wannan fanni tana shiga matsi biyu: kayan sun yi ƙaranci a can, hanyar kuma ta yi tsawo a nan.

Nijar kuwa, da ba ta da gaɓar teku, nata nauyin ya ninka. Galibin kayanta ta Kwatano suke bi a wancan lokaci, wasu ta Lome. Duk ƙarin da aka yi a kuɗin jirgi, ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram yana biyansa, sannan ya ɗora kuɗin tirela na fiye da kilomita 1,000 da jinkirin iyaka.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Akwai hujjoji uku da suka cancanci amsa.

Ta farko: karayar 2020 faɗuwar farashin mai ce da dokar kulle, tasha ba ta da wani babban kaso. Akwai gaskiya a ciki. Da Apapa ta fi kowace tasha a duniya sauri, da ba ta hana gangar mai faɗuwa ba. Amma farashin mai ba a hannunmu yake ba, kwanakin da kwantena ke yi a tasha kuwa a hannunmu suke. Mai hankali yana ware abin da aka jarrabe shi da shi daga abin da ya jawo wa kansa. Kuma farashin mai ya farfaɗo a 2021, tsadar kaya ba ta sauka ba.

Ta biyu: ai kuɗin shigar kwastan ƙaruwa ya yi. Haka ne, hukumar ta tara wajen naira tiriliyan 1.56 a 2020, sama da tiriliyan 1.34 na 2019. Sai dai kuɗin fito da dala ake ƙiyasta shi, a biya da naira. Idan naira ta faɗi, adadin yana kumbura ko da kayan ba su ƙaru ba. Rufe iyakokin tudu ma ya tura wasu kaya zuwa tashoshin ruwa. A ganina wannan hujja ma ita ce ke tona asirin matsalar. Mun daɗe muna auna tasha da abin da ta tara wa gwamnati, ba da saurin da take sakin kaya ba. Tashar da ke tara kuɗi da yawa tana riƙe kaya wata guda tana karɓa ne daga aljihun masana'anta ta zuba a baitulmali, tare da asara a tsakani.

Ta uku ita ce ta fi jan hankali: darasin annoba shi ne mu daina dogara da waje, mu noma abin da za mu ci, mu ƙera abin da za mu yi amfani da shi. Ina tare da wannan buri a kan abinci da magani. Amma masana'antar gida ba ta rage buƙatar tasha, sauya irin kayan da ke bi ta cikinta take yi. Injin casar shinkafa daga waje yake zuwa. Takin da ake haɗawa a cikin gida yana buƙatar sinadarin fosfet daga Maroko. Kamfanin magani na gida yana shigo da sinadaransa. Wanda ya ƙera kaya da yawa kuma dole ya nemi kasuwa a waje. Sin, wadda ta fi kowa ƙere-ƙere, ita ce ke da mafi yawan manyan tashoshin kwantena a duniya. Dogaro da kai da tasha mai aiki ba kishiyoyi ba ne.

Kafin annoba ta gaba

An yi wasu abubuwa tun daga lokacin. A Fabrairu 2021 aka fara tsarin Eto na kiran tireloli ta intanet. A Yuni 2021 aka buɗe sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan. A Janairu 2023 aka ƙaddamar da tashar Lekki mai zurfi, da kuma tashar tsandauri ta Dala a Kano, bayan ta Kaduna da aka buɗe a 2018. Ana aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Duk waɗannan alheri ne. Amma gini ba shi ne tsari ba, kuma ga abin da nake ganin ya rage.

Na ɗaya, a fitar da takarda daga hannun mutum. Duk matakin da ke buƙatar ejan ya tsaya gaban tebur, mataki ne da annoba za ta iya tsayarwa, kuma mataki ne da ake iya neman na goro a kansa ko babu annoba. Taga guda ta intanet da kwastan da bankuna da kamfanonin jirgi da sauran hukumomi ke aiki a kanta, tare da na'urorin haska kaya masu aiki, rigakafin cuta ce kuma rigakafin cin hanci.

Na biyu, tashar tsandauri ta zama tasha da gaske. Ma'anarta ita ce kwantena ta taso daga Sin da sunan Kano a takardarta, ta wuce Legas a rufe, a duba ta a biya kuɗinta a Kano. Wannan ba ya yiwuwa sai da jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci. Jirgin ƙasa guda da ma'aikata ƙalilan yana ɗaukar kayan tireloli da dama, ba ya tsayawa a shinge, ba ya kwana a tasha-tasha. A lokacin annoba wannan bambanci ne na lafiya, ba na kuɗi kaɗai ba.

Na uku, a raba kaya tsakanin tashoshi. Onne da Fatakwal da Kalaba sun fi dacewa da kayan Arewa maso Gabas da wani yanki na Arewa ta Tsakiya, in an yashe hanyoyin ruwansu, an tsare su, an gyara titunan da ke fita daga cikinsu.

Na huɗu, a rubuta dokar annoba tun ana zaman lafiya: su wane ne ma'aikatan da ba a tsarewa, daga matuƙin jirgi zuwa ejan da direban tirela da ma'aikacin banki, wace takarda guda ce za ta wuce da mota daga Apapa zuwa Jibiya, yaya za a gwada ma'aikatan jirgi ba tare da an tsare jirgin mako biyu ba. A yi wannan tare da Benin da Togo da Nijar, domin sarƙar ba ta san iyaka ba. Tun ran gini, ran zane.

Na biyar ya shafe mu kai-tsaye. Gwamnonin Arewa da 'yan majalisarta da ƙungiyoyin 'yan kasuwarta sun daɗe suna kallon tasha a matsayin harkar mutanen Legas. Kuskure ne. Mai masana'anta a Ikeja yana biyan jinkirin tasha. Na Kano yana biyan jinkirin tasha, da kuɗin hanya, da na shingaye, da na mayar da kwantena. Duk wanda ya fi nisa da teku shi ya fi buƙatar tashar ta yi aiki, don haka shi ya kamata ya fi kowa ɗaga murya a kanta. Ya dace a riƙa tambayar hukumomi, kowane wata, kwana nawa kwantena ke yi kafin ta fita, kamar yadda ake tambayar farashin dala.

Wata annobar za ta zo, ko yaƙi, ko rufe iyaka irin wanda Nijar da Benin suka shiga bayan juyin mulkin Yuli 2023. Ranar da ta zo, shugaban da ke kan mulki zai sake cewa tashoshi za su ci gaba da aiki, kuma zai yi gaskiya. Ko kayan za su iso Kano da Maraɗi a kan lokaci kuwa, wannan ya dogara ne da aikin da aka yi, ko aka ƙi yi, a shekarun da babu annoba.